Ƙarar Babur ɗin Ishaya

Akwai wasu samari da suke zuwa su zauna a bencin garejina a Sabon Tasha, ba don suna da babur ba, sai don inuwar mangwaron da ke wurin. Kwanan baya ɗayansu ya dube ni ina fama da wata kafireta, ya ce, "Baba Markus, wannan aikin naku ai a waya ma ana koyar da shi. Minti goma mutum ya iya." Ban amsa masa ba, saboda akwai noti biyu a bakina a lokacin. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ari biro na zauna rubuta wannan. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi, kada kuma a naɗe ƙosai da takardar.

Na fara sana'ar nan a Kakuri, zamanin da masaƙu suke aiki, in an tashi ma'aikata titi ya cika da kekuna da babura har ba ka ganin kwalta. Daga nan ƙafa ta ja ni. Na yi Kwatano, na yi Garwa ta Kamaru, na yi Yamai, na ɗan taɓa zangon Kumasi. Na dawo gida da Yarbanci da Faransanci da ɗan Fulatancin gaisuwa, na ɗora a kan Jju ɗin uwata da Hausar da na taso da ita. Ainihin koyon aiki a Kwatano na yi shi, wajen wani Bayarabe da muke kira Oga Lasisi. Wata uku bai bar ni na taɓa sifana ba. Zaunar da ni yake yi a kan tsohuwar taya, in ba titi baya, duk babur ɗin da ya wuce in faɗi abin da ke damunsa. In na ce sarƙa ce ta saki alhali fulogi ne, sai ya ƙwanƙwasa mini sifana mai lamba goma a ka. Har yau akwai ɗan gurbi a tsakiyar kaina, in na ɗora lamba goma a wurin, zama take yi daram.

Aikin farko da ya bar mini ni kaɗai na wani mai sayar da kifi ne, babur yana tafiya yana shaƙewa kamar an riƙe masa wuya. Na kwance kafireta sau uku, na wanke da fetur, na hura, na mayar. Oga Lasisi yana zaune yana cin goro. Sai da rana ta take sannan ya taso, ya buɗe gidan iska, ya zaro gidan ɓera guda, da tsumma da ƙayar kifi. Ya ce mini da Yarbanci wai tun safe babur ɗin yake gaya mini hancinsa ne ya toshe, ni kuma ina ta yi masa wankin ciki.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Lamba goma ita ce mai yawo. Na sayi da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin wadda ta tsufa a hannuna ba. Fulaya ta kowa ce, duk wanda ya ara ya gaje ta. Sukundireba mai dogon baki ba don kwance sukuru kaɗai muke ajiye ta ba. Ka ɗora bakinta a jikin inji, ka manna kunnenka a ƙotarta, za ka ji duk abin da ke faruwa a ciki, kamar yadda likita yake sauraron ƙirji. Guduma kuwa ta wanda haƙurinsa ya ƙare ce. In ka kai babur ɗinka ka ga bakanike ya fara lalubo guduma kafin ya gaishe ka, ka ce masa ka tuna an aike ka.

Masu kawo aiki ma kowace ƙasa da nata. Mutumin Kwatano yana zuwa da cutar da maganinta, ya tsaya a kanka yana koya maka aikinka da Faransanci. Na Garwa ba zai ce komai a kan babur ba. Zai jingine shi, ya gaishe ka, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwan sama, sai kai da kanka ka lura birkin gaba babu shi gaba ɗaya. Na Yamai ya bar maka ya tafi shan shayi, ka gan shi jibi. Mutumin Kaduna kuwa, ko daga Kafanchan ya zo ko daga Binuwai, da ya sha ruwan garin nan, da baki yake kwatanta maka. Na ga babban ma'aikacin gwamnati da kwat da taye ya tsaya a gabana yana "kirrr ta-ta-ta" yana kaɗa kafaɗa. Na ga fasto ya yi, har da rufe ido. Kuma dole ka saurara da ladabi, domin yawanci gaskiya suke faɗa.

Shekarar da ta fi kowace muni a gare mu ita ce wadda aka hana acaba a cikin gari. Masu babura suka kwashe su zuwa ƙauye, wasu suka koma keke mai ƙafa uku, mu kuma muka zauna muna kallon juna. Na gyara injin markaɗe. Na gyara janareto. Na kwance keken ɗinkin matata wanda lafiyarsa ƙalau, har sai da ta kai shi ajiya ɗakin maƙwabciya. Sande mai faci, mutumin Filato da rumfarsa ke jikin tawa, ya koma buga dara shi kaɗai, yana cin kansa yana musu. Bakaniken da hannunsa ya daɗe bai samu aiki ba, ku ji tsoronsa. Ni ne shaida.

A cikin wannan shekarar ne, wata Asabar da hantsi, na hango Malam Ayuba yana turo babur. Cocinmu ɗaya da shi. Tsohon hedimastan firamare ne, mutumin da ko shara zai je zubarwa sai ya soke riga cikin wando. Bai iya tuƙa babur ba, ko keke bai iya ba. Tun daga gidansa ya turo shi yana haki, kamar mai jan rago mai gardama.

Babur ɗin ja ne, irin na 'yan acaba, na ɗansa Ishaya. Yaron ya yi acaba da shi tsakanin Sabon Tasha da Rido kafin ya shiga soja. Aka tura shi yaƙi arewa maso gabas, bayan shekara biyu aka aiko wa iyayensa da saƙo da jakarsa. Can aka binne shi tare da 'yan uwansa sojoji, wurin da tsofaffin nan biyu ba su taɓa zuwa ba. Ni ban taɓa gyara babur ɗin ba, ban ma san kukansa ba, domin Ishaya da kansa yake taɓa abinsa, da waya da robar cikin taya da addu'a.

"Oga Markus, ya ƙi tashi," in ji Malam Ayuba bayan ya huta. "Kowace Asabar da safe nakan fito da shi tsakar gida, in wanke shi, in buga masa kik. Ya yi minti biyar yana kuka, in kashe. Maman Ishaya tana daga kicin tana ji. Wasu suna da kabarin da suke zuwa sharewa, mu wannan muke da shi. Yau na buga har ƙafata ta yi tsami, ya ƙi. Ka sa ya tashi kawai."

Da kunnena na ji ya ce in sa ya tashi kawai. Kallo ɗaya na yi na gane fulogi ne ya mutu, aikin da zan gama kafin ya sha ruwa. Amma na dubi babur ɗin, na ga murfin sarƙa yana lilo da waya, na ga rami a salansa, na ga roba a inda ya kamata a ga noti, sai tafin hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na ce masa ya dawo Litinin.

Na canza fulogi, kuma ban tayar da shi na saurara ba. Wannan shi ne kuskuren da Oga Lasisi zai fasa mini kai a kansa. Kai tsaye na hau kwancewa. Na wanke kafireta, na ɗaure sarƙa, na daidaita tafet, wato 'yan ƙarafan da ke ƙwanƙwasawa a kan inji in sun saki. Na cire wayar murfin sarƙa na sa noti. Na kai salansa wajen mai walda aka toshe ramin, na goge wurin har ba a gane shi. Ban karɓi ko kwabo a kan ƙarin ba, a raina ina yi wa gidan mamaci alheri ne. Da na buga kik, sai ya tashi da wata murya mai laushi kamar kyanwa ta ƙoshi. Sande ya bar dararsa ya zo ya cire hula.

Ranar Litinin na tayar wa Malam Ayuba. Ya ɗan karkata kai, ya buɗe baki, ya rufe. Mutum ne mai kawaici. Ya yi godiya sau uku ya tura abinsa gida.

Asabar ta zagayo, sai ga shi ya sake turo shi, wannan karon matarsa tana biye da shi, ta ci ɗamara da ɗankwali. Maman Ishaya 'yar ƙaramar mace ce, amma ita ke ba da waƙa a zumuntar mata, kuma ba ta taɓa neman lasifika ba.

"Baba Markus, ina babur ɗin ɗana?"

"Ga shi nan, Maman Ishaya."

"Wannan na wani ma'aikacin banki ne. Ina nawa?"

Na fara lissafa mata abin da na yi, ina nuna mata da yatsa, har na ɗan ɗaga murya a wurin waldar don ta ji daɗi. Ta bari sai da na gama.

"Wa ya aike ka?"

"Ai lalacewa ce duk, Mama. In an bar shi haka..."

"In an bar shi haka zai je ina? Legas za shi? Daga ɗaki zuwa tsakar gida ne tafiyarsa. Yau da safe Malam ya buga, ina kicin na saki aikina ina jira, sai na ji wani baƙo yana raɗa a gidana. Ka mayar masa da muryarsa yadda ka same ta." Ta juya wajen mijinta. "Kai kuma hedimasta guda, an ba ka saƙon kalma biyar ka kasa tsayawa a kai. To, tukunyata ta tafi hutu. Ranar da babur ya dawo, ranar za ta dawo."

"Saratu, a gaban mutane?" in ji Malam Ayuba a hankali.

"A gaban mutane ka turo shi."

Na ce to, a kwatanta mini yadda yake yi. Malam Ayuba ya miƙe, ya gyara bel, ya haɗe hannu a baya kamar zai karanta sanarwa a taron ɗalibai, ya ce, "Tuf, tuf, tuf, kirin. Tuf, tuf, tuf, kirin."

"Wannan agogon coci ne," in ji matarsa. "Akwai tari a ƙasa, irin na tsohon da ya sha taba. A sama kuma akwai wani abu kamar murfin tukunya in wake ya tafasa. Su biyun tare suke tafiya."

Sande, wanda bai taɓa jin babur ɗin ba a rayuwarsa, shi ma ya kumbura kumatu ya kawo nasa. Ta ce masa ya koma ya hura tayarsa.

Ku da kuke cewa aikin nan ba wuya, ku saurara da kyau. Gyara hanyarsa ɗaya ce, kowane noti yana da inda zai tsaya, in ya kai can ka gama. Lalacewa kuwa hanyarta dubu, kuma kowane babur da irin tasa, wadda ya tara a hankali daga ramukan titi da hannun mai shi. Ni aka ce in nemo guda ɗaya tak daga cikin dubun, wadda ban taɓa ji ba, daga bakin mutum biyu da ba su yarda da juna ba. A Kwatano da Garwa da Yamai babu inda aka taɓa ba ni irin wannan aikin.

Muka tsara yadda za a yi. Kullum da la'asar Maman Ishaya za ta zo ta zauna a benci ta ba babur baya, ni in buga kik, ita ta yanke hukunci. Ranar farko na sassauta tafet. Ta ce, "Ba shi ba ne." Rana ta biyu na cire notin da na sa a murfin sarƙa, na shiga kwata da hannuna na lalubo ainihin wayar Ishaya da na jefar, na ɗaura ta yadda na tuna. Ta ce, "Ba shi ba ne." Rana ta uku na ɗauki ƙusa na huda salansa daidai inda na sa aka toshe. Ina cikin hudawar ne wani mutum ya turo babur ɗinsa, aikin farko da zan samu a satin. Ya tsaya ya dube ni, ya dubi salansar, ya juya abinsa ba sallama.

Sande ya hau kan taya yana shela. "Jama'a, sabuwar sana'a ta sauka daga Kwatano! Kawo lafiyayye ka karɓi gurgu! Baba, in ka gama ka zo ka koya mini, ni ma in riƙa huda tayoyin mutane da izininsu."

"Kai ai tun da can kana yi, izinin ne kawai ba ka nema," na ce masa.

Bakanikai na layin, da yake kowa zaune yake ba aiki, suka mayar da garejina gidan kallo. Kowa da shawararsa. Wani ya ce a zuba yashi kaɗan a baƙin mai. Wani ya ce a ba wani ɗan acaba aro na kwana biyu, zai dawo da shi da kowace irin ƙara, sai Mama ta zaɓa. Amma da na buga kik bayan hudar nan, sai ta ɗaga yatsa, wuri ya yi tsit.

"Tarin ya dawo," ta ce. "Ka ɗan ƙara ramin."

Na ƙara.

"Yauwa, tsohon ya iso. Saura murfin tukunya."

Murfin tukunyar nan shi ya ci mana sati guda da ɗoriya. Na sassauta duk abin da yake sassautuwa. Lambar baya, kariyar ɗora kaya, madubi, gidan fitila, har sai da babur ya koma kamar akwatin kayan aure a bayan akori-kura. Kowanne ta ce ba shi ba ne. Malam Ayuba kuwa tun safe yake zuwa ya zauna wurina da biredi da ƙosai a leda, bel ɗinsa ya matsa rami ɗaya. Duk ƙarar da na fitar, kafin matarsa ta yi magana ya riga ya miƙe. "Allah ya sani, shi ne! Saratu, ba ki ji ba? Shi ne sak!"

"Zauna, Malam. Cikinka ne ke magana."

Wata Juma'a ta zo da kula cike da gwaten acca, ƙamshi ya cika rumfa. Malam Ayuba ya gyara zama. Ta buɗe ta zuba a kwano ta miƙa wa Sande, ta ce shi kaɗai ne a wurin bai yi mata laifi ba. Sande ya sha yana lumshe ido yana yabon yajin da sunansa.

Ni kuwa dabara ta ƙare mini, sai na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko, na yi tambaya. Na ce, "Maman Ishaya, wannan ƙarar ta sama, da ita aka sayo babur ɗin?"

"A'a. Tun ranar da ya faɗi a hanyar Kakau ta fara."

Malam Ayuba ya ajiye biredinsa. "Ishaya bai taɓa faɗuwa da babur ba."

"Kai aka gaya wa haka."

"Da bakinsa ya ce mini ko sau ɗaya..."

"Ni na ɗinke wandon, Malam. Ya ɗauko buhun masara biyu da mai masarar a kai, akuya ta gitta masa. Ya shigo ta bayan gida yana ɗingishi, gwiwar dama ta yage har fata. Ya ce, Mama don Allah kada Baba ya ji, zai zaunar da ni ya yi mini lacca har tuwo ya huce. Na ce to. Da ƙaryar ƙwallo muka rufe ka."

"Ƙwallon da na yi masa lacca a kanta?"

"Ita. Ka ga da babur ne ai da har yau ba ka gama ba."

Malam Ayuba ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce shekara talatin yana kama yara masu ƙarya, ashe hedikwatarsu tana gidansa.

Ni hankalina yana kan gwiwar dama. Babur in ya faɗi ta dama, abin da ya fara cin ƙasa shi ne birkin ƙafa. Na zagaya na tsuguna. Ga birkin nan a miƙe sambal, kyakkyawa, tsakaninsa da salansa yatsa biyu. Sai a lokacin na tuna. Ranar da nake gyaran, muna musu da Sande a kan ko Jos ta fi Garwa daɗin zama, na zura bututun ƙarfe a birkin na taka na miƙar da shi, bakina bai daina magana ba. Hannuna ne ya yi aikin bai gaya mini ba. Dā a lanƙwashe yake, ya kwanta jikin farantin da ke rufe salansa, in inji ya girgiza sai su riƙa taɓa juna. Murfin tukunya ke nan.

Na aika aka aro mini guduma, domin tawa ta daɗe da zama abin danne leda. Sande ya kira kowa ya zo ya gani. Na ɗaga na ɗan taɓa birkin.

"Baba, gaishe shi kake yi?" in ji Sande. "Buhu biyu aka ce, da mai masara a kai!"

Na ƙara ƙarfi, birki ya manne da salansa, na buga kik, shiru. In ya manne ba ya kuka, in ya yi nisa ba ya kuka. Sai an bar tsakaninsu kamar kaurin farce. Na ja, na buga, na ja, na buga, har lokacin koyon waƙarta ya yi, Maman Ishaya ta ɗauki kularta ta tafi. Rana tana shirin faɗuwa na yi wani bugu da ban ma yi niyyarsa ba, na tayar, sai ga wani siririn kirin-kirin yana rawa a kan tarin. Na manna kunne a sukundireba na bi shi har wurin. Na dubi Malam Ayuba. Wannan karon bai miƙe ba, bai kuma ce shi ne ba.

Washegari Asabar ce. Da sassafe ya zo zai tura, na ce a'a, in aka tura shi a ramukan layinsu aka buge birkin, an koma farko. Gara in tuƙa a hankali ta cikin unguwa, shi ya hau baya. Ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa hawa babur ba, ko Ishaya ya yi ya yi da shi ya ƙi. Na ce to yau zai fara. Sai da Sande ya ɗaga masa ƙafa ɗaya. Ya rungume ni ta ciki kamar zai ɗaga buhu, ya kwantar da kai a bayana, yana addu'a da Turanci, in mun shiga rami ya koma Jju. Mata masu ɗiban ruwa suna gaishe shi, "Hedimasta, ina kwana!" yana amsawa ido a rufe.

Da muka karyo kwanar layinsu na rage giya, na saki mai, babur ya sauko da muryarsa, tarin a ƙasa, kirin-kirin a sama. Gidan nasu yana da katanga da ƙofar langa-langa, ba a ganin ciki. Ba ta san da zuwanmu ba, a saninta sai la'asar za a yi gwaji a gareji. Na taka birki a bakin ƙofa.

Sai murya ta tsallako katanga, irin wadda ake ji har bakin titi.

"Kai Ishaya! Sau nawa zan gaya maka ka kashe abin nan tun daga waje? Hayaƙi a kan shanyata, don ba kai ka wanke ba!"

Muka ji an ajiye bokiti a hankali.

Na kai hannu zan murɗe makulli. Malam Ayuba ya saki cikina, ya miƙo hannu ta gefena ya riƙe nawa.

"Bar shi, Oga Markus," ya ce. "Shi ma ba ya kashewa."

Muka zauna a kai, tsofaffi biyu a bakin ƙofa, hayaƙi yana bi ta ƙarƙashin langa-langa yana shiga gida, har minti biyar ɗin suka cika.